Ƙugiyar da ta Faɗi daga Sunan Mai Yaɓe

Duk wanda ya taɓa kama hayar ɗaki a unguwar Glenwood ta garin Greensboro cikin shekaru ashirin ɗin nan, mai yiwuwa ya zauna a cikin aikin hannun Malam Maazou bai sani ba. Shi ne mai farar motar nan da tsani biyu ɗaure a bisanta, wanda yake bayyana a ƙarshen Yuli, lokacin da ɗalibai suka kwashe komatsansu suka bar bango da ramukan ƙusa, da tabon hayaƙin kyandir, da sawun takalmi a wuraren da mutum zai rasa yadda ƙafa ta kai can. Kwana biyu zai yi a gida ya fito. Mai gidan ya shiga ya duba, sai ya ga kamar ba a taɓa zama a ciki ba. Abin alfaharin Malam Maazou ke nan a duniya: ya gama aiki a rasa inda hannunsa ya bi.

Mutumin Damagaram ne, ɗan cikin Birni, dogo siriri mai ɗan gemu da furfura ta fara ci. Yana zaune a McLeansville, can bayan gari, da matarsa Kaltouma da 'yarsu Malika, a wani ƙaramin gida da gonar maƙwabci ta yi wa iyaka ta baya. Fararen kaya yake sawa wajen aiki, kuma yana iya saukowa daga tsani ranar Juma'a ya wuce masallaci da su, ba wanda zai ga ɗigo ko ɗaya. Ba ya manna tef a bakin silin kamar sauran masu fenti. Burushi zai tsoma, ya ɗauke numfashi, ya ja layi ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sauko ya kalle shi ya ce, "Wala." Wannan kalma da "bon" su ne Faransancin makaranta da suka ƙi barin bakinsa.

A wurinsa mutanen sana'ar kashi biyu ne: akwai mai fenti, akwai mai yaɓe. Yaɓe, ga wanda bai taɓa ganin ginin ƙasa ba, shi ne a kwaɓa laka a dumbuza da hannu a maka wa bango, a shafe shi kafin damina. Aiki ne na tafin hannu, ba burushi ba ma'auni. Nan Malam Maazou ya ɗauko kalmar ya mayar da ita zagi. Wanda ya cika burushi har fenti na gangarowa gwiwar hannunsa, mai yaɓe ne. Wanda ya shafe makunnin fitila don ƙyuyar kwance ƙusa biyu, mai yaɓe ne. Yakan matse leɓɓansa a kan ɓ ɗin nan har ta fito kamar an jefa curin laka a bango.

Abin da bai cika faɗi ba shi ne, mahaifinsa mai yaɓe ne na gaske. Kowace shekara kafin ruwan farko ana kiran tsohon gida-gida, ya dawo da laka har kafaɗa. Shi kuwa Maazou zane ya so. Wata rana a makaranta ya zana ƙofar gidansu da duk kwalliyar da ke jikinta, ya cika takardar da launi, malamin ajin ya ɗaga ta sama ya ce, "Barbuyar, ɗan barbuyar," wato mai dagwalgwala fenti, ɗan mai dagwalgwalawa. Aji ya kwashe da dariya. Tun daga ranar bai sake zana komai ba sai miƙaƙƙen layi.

Badaru ya zo Greensboro shekara uku da suka wuce. Ɗan Funtuwa ne, ya haura arba'in, gajere mai faɗin kafaɗa, kuma ba abin da ba ya ba shi dariya. Ya fara aiki a kamfanin yankan kaji, sanyin wurin ya kama masa ƙirji, sai dattawan masallaci suka haɗa shi da Malam Maazou ya koyi fenti. Shekara ɗaya da rabi suka yi tare, kuma kusan kowace safiya ga yadda take farawa:

"Badaru!"

"Na'am, Oga."

"Mene ne wannan a gilashin taga?"

"Fenti ne, Oga."

"Na san ba kunu ba ne. Wa ya aike shi can?"

"Shi ya tafi da kansa, wallahi. Ina nan ina shafa bango da rola sai na ga ya yi gaba."

"Mai yaɓe! Ku 'yan Najeriya komai da gaggawa. Ɗauko tsumma."

"Ku kuma 'yan Nijar sai ku shekara a bango ɗaya kuna ce masa wala."

Sunan bai taɓa yi wa Badaru zafi ba, abin da ya fi ba Malam Maazou haushi ke nan. In ya bugo waya sai ya ce, "Mai yaɓe ne, Oga, na iso." Abu ɗaya hannunsa ya so a duk sana'ar, farin kwaɓin nan da ake cike ramukan bango da shi, wanda ma'aikatan ƙasar nan da kansu laka suke ce masa. Sai ya ajiye wuƙar shafawa ya sa yatsu. Lokacin hutun rana, in an zauna a barandar gida ana cin abinci, sai ya shimfiɗa ragowar lakar a guntun katako ya riƙa bi da ɗan yatsa, ga ƙulli yana shiga cikin ƙulli, ga da'ira tana haihuwar da'ira. Ranar da Malam Maazou ya fara leƙawa, ya gane su nan take, don irin layukan da tsohonsa ke bari a fuskar gidajen Birni ne. Ya haɗiye abincin da ke bakinsa ya ce, "Ɓarnar kaya kake yi."

Ba da daɗewa ba ya ce masa ya nemi wani aikin, fenti ba nasa ba ne. Badaru ya yi godiya, ya samu aikin ɗaukar kaya a wani sito, ya ci gaba da gaishe shi da fara'a kowace Juma'a.

A East Greensboro akwai shagon Hajiya Suwaiba, Bakanuwa, inda ake samun daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ranar Asabar da Lahadi kuma ta soya masa ta dafa miyar taushe a ci a tebura huɗu da ke jikin babban bango. Wannan bango na Malam Maazou ne. Shekara goma sha huɗu yana yi masa fenti duk bayan shekara biyu, fenti mai mai, launin madara, mai santsi, don tururin girki in ya kwanta a share shi da tsumma. A watan Yuni na bana ya shiga shagon da katin launuka a aljihu don su tsayar da rana, ya ɗaga kai, ya tsaya cak.

Bangon ya tafi. Daga ƙasa har silin an rufe shi da zane mai tudu, ja da shuɗi da ruwan ƙasa da kore. Ga ƙulle-ƙullen nan na guntun katako sun girma sun kai tsayin mutum. A tsakaninsu ga bas ɗin gari, ga tukunya a kan murhu, ga ganyen bishiyoyin nan da ke ja a kaka. Ko'ina sawun yatsa ne, ba layi ɗaya da ya miƙe. Can sama kuma, daidai saman teburin tsakiya, ga wata farar mota da tsani biyu a bisanta. A kusurwar ƙasa an karce da ƙusa: Mai Yabe.

"Malam Maazou, ka ga abin da yaronka ya yi mana?" in ji Hajiya Suwaiba daga bayan kanta. "Wikend shida yana zuwa. Ɗaliban nan har layi suke yi su ɗauki hoto, kuma wanda ya ɗauki hoto sai ya ci masa."

"Ba yarona ba ne, Hajiya."

"To wa ya koya masa?"

"Wannan ba a koya shi. Faɗawa cikinsa ake yi."

"Kai dai! Ga motarka can ya sa."

"Na gani. Tayar gaba ta fi ta baya girma."

Ya sayi daddawar da ba a aike shi ba ya fita. A mota ya zauna bai tayar ba. Shekara goma sha huɗu, ba wanda ya taɓa tsayawa gaban bangon nan ya ciro waya. Ya yi ta gaya wa kansa cewa abin ba kyau, launukan suna faɗa da juna, amma idonsa na ciki ya ƙi barin ƙullin nan na tsakiya, yana bin sa yana neman inda ya fara.

Daga nan abin ya riƙa bin sa har gida. Hoton bangon ya shiga wayar kowa. A masallaci wani dattijo ya dafa shi ya ce ashe haka ya ɓoye musu gwani shekara da rabi. Sai kuma wata malamar jami'a, mai koyar da zane, ta je cin masa ta ga bangon, ta ce sai an yi taro an gabatar da shi, a rataye kati mai bayani a gefensa. Da ta nemi wanda zai rubuta katin ya karanta a taron, Hajiya Suwaiba ta nuna mata Malika.

Malika ta gama jami'a a watan Mayu, kuma tun lokacin take aika takardun neman aiki ba amsa. Ta rame, ta koma duba waya kowane minti. Wannan kati shi ne abu na farko da aka ce ta yi da sunanta a ƙasa. Wata yamma, mahaifinta na wanke burushi a famfon bayan gida, ta fito da takarda a hannu.

"Baba, saurara. Mai Yabe, lakabi ne na Hausa, ma'anarsa wanda ake yabawa."

Ya kashe famfon. "Sake faɗi."

"Mai yabe."

"Yaɓe."

"Abin da na ce ke nan."

"Ba shi kika ce ba. Ɓe. Rufe baki ki ja shi ciki. Ɓe!"

"Be." Ta yi dariya ta ƙara wani abu da Turanci, sannan ta dawo Hausa. "Malamar ta duba ƙamus, ta ga yaba. Ni ma tun ina ƙarama na ɗauka gatse kake yi in ka faɗa, kamar in ka ce wa Mama gwanar fakin."

"Ku fitar da ni daga ciki," in ji Kaltouma ta tagar kicin.

Malam Maazou ya share hannu, ya karɓi takardar, ya nuna harafin da farce. "Kin ga nan? Akwai ƙugiya a kansa, 'yar lanƙwasa. Masu rubutu a waya sun yar da ita don ƙyuya. Yaba daban, yaɓa daban. A yaɓa wa bango laka. A yaɓa wa mutum baƙar magana. A yaɓa masa laifin da bai yi ba. Kin taɓa jin an yaɓa wa mutum alheri? Ko mai waƙa in ya so ya kushe ɗan'uwansa, ce masa zai yi baitocinka yaɓe ne, ka dumbuzo kalmomi ka maka, wanda ya zauna ya zauna. Ni na sa masa sunan nan, kuma na san abin da nake nufi."

"Kawu Badaru yana wurin lokacin da malamar ta faɗa. Dariya kawai ya yi."

"Ai zai yi dariya."

"Baba, an riga an buga katin. Malamar ta ce in abin ya yi kyau za ta rubuta mini takardar shaida." Muryarta ta yi ƙasa. "Don Allah kada ka ɓata mini."

Ya miƙa mata takardar ya koma kan burushinsa. Wannan ya fi masa bangon ciwo. Zaginsa ne, nasa na kansa, wanda ya ɗauko tun daga Birni, shi ma an karɓe an wanke an rataya wa Badaru a wuya.

Taron ranar Asabar ne ta tsakiyar Agusta. Ranar Alhamis da hantsi ya biya ta shagon, wai ya ga ko Hajiya na son a taɓa mata ƙofa. Ya tarar da Badaru a kan kujera yana ƙara launi. Zafi ya riga ya taso, irin mai ɗankon nan da ke manna riga a baya. Malam Maazou ya tsaya kusa da bangon, hannunsa ya yi abin da ya saba yi wa kowane bango: ya dunƙule yatsa ya ƙwanƙwasa. A ƙasa ƙarar ta fito a cike. Ya miƙa hannu sama, kusa da tayar motar, ya sake. Ƙwas, ƙwas, kamar busasshiyar ƙwarya.

"Oga, ya ka gani?" in ji Badaru.

"Me ka sa a ƙasa kafin lakar?"

"Ba komai, Oga. Bangonka sumul yake kamar faranti. Kawai na hau."

Duk mai fenti ya san laka ba ta kama fenti mai mai. Sai an karce santsin da takardar yashi, a shafa firaima, wato shafin farko mai riƙe na biyu, sannan a ɗora. In ba haka ba tana nan a tsaye ne kawai da ikon Allah, tururi na shiga bayanta yana raba ta da bango. Ya taɓa gaya wa Badaru wannan, sau ɗaya, a wani banɗaki a Glenwood. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya ga katin a jingine kan kanta, da sunan nan ba ƙugiya.

"Bon," in ji shi. Ya juya ya fita.

A hanya ya shirya wa kansa hujjoji. Ba wanda ya tambaye shi. Ba yau za ta faɗo ba, sai an shiga sanyi, kuma kaɗan-kaɗan za ta riƙa zuba, a share da tsintsiya, sannan kowa ya gane wane ne mai fenti. Da ya isa gida Kaltouma ta bi shi da ido.

"Malam, yau har da fito kake yi. Me aka samu?"

"Ba komai. Aiki ya yi kyau."

"Wata biyu rabon da aiki ya yi maka kyau."

Ranar Asabar bayan la'asar shagon ya cika har waje. Ga ɗalibai, ga dattawa da manyan riguna, ga mata da yara. Kasko biyu na masa suna aiki ba tsayawa, tukunyar miya na tafasa, na'urar sanyaya ɗaki ta kasa. Ƙofa na buɗewa tana bugawa, kowane bugu sai tagogi sun girgiza. Malam Maazou ya tsaya a baya da fararen kayansa. An matsar da teburin tsakiya, Malika ta tsaya a gurbinsa da takardarta a hannu, daidai ƙarƙashin motar.

Shi kaɗai a ɗakin yake kallon sama. Ya ga tsagar, siririya kamar gashi, ta taso daga tsanin motar ta gangaro bayan tayar baya. Ranar Alhamis babu ita. Ya buɗe baki. A daidai lokacin malamar jami'ar ta kama hannun Badaru ta ɗaga ta ce, "Mai Yabe!" Ɗaki ya ɗauki tafi. Malam Maazou ya ji tafin nan a haƙoransa. Ya ce a ransa bari su gama, ba zai yi ihu cikin tafin wani ba, a ce baƙin ciki ne. Daƙiƙa uku ne ko huɗu. Wani ya shigo, ƙofa ta buga.

Motar ce ta faɗo, ɗungurungum, da tsaninta biyu. Gefenta ya sami Malika a saman gira, sauran ya tarwatse a ƙasa. Ta durƙusa, takardar na hannunta, jini na ɗiga a kai. Malam Maazou bai san yadda ya ratsa mutane ba. Ya dai ga kansa a ƙasa ya danna hannun rigarsa a goshinta, farar rigar nan tana rinewa har gwiwar hannu, ita kuwa tana ta maimaitawa da Turanci cewa ba ta gama karantawa ba.

Ɗinki huɗu aka yi mata. A barandar asibiti Badaru ya zauna a ƙasa, babbar rigar da ya aro duk farin gari, yana kuka kamar ba babba ba.

"Oga, ni na yi. Da idon ne fa? Ka yi ta gaya mini ni mai yaɓe ne ban ji ba."

Malam Maazou ya daɗe yana kallon hannun rigarsa. "Na sani tun Alhamis."

"Na'am?"

"Na ƙwanƙwasa na ji. Na san za ta faɗo."

Badaru ya share fuska. Dariyar nan da ba ta barin idonsa ta tafi. "Ka ce mini bon."

"Na ce."

"To, Malam Maazou," in ji Badaru. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. Kaltouma na tsaye a bakin ƙofa da jakar Malika a hannu, ta ji komai.

Mako guda gidan McLeansville ya yi tsit. Kaltouma na ajiye masa abinci ta koma ɗaki. Malika, in ya tambaye ta jiki, da Turanci take amsawa, kalma ɗaya. Ranar Litinin ta biyu Hajiya Suwaiba ta kira.

"Malam Maazou, na gaji. Ba na iya barin kowa ya zauna a teburan nan. Zo ka kankare mini shi duka ka mayar mini da madarata. Gara bangon da ba a kallo da wanda zai kashe mini mutum."

Abin da ya yi wata biyu yana so ke nan, an miƙo masa har gida. Ya je da safe, ya shimfiɗa leda, ya sa wuƙa. Lakar ta riƙa ɓallewa falle-falle ba gardama, madararsa na fitowa a ƙarƙashi, sumul, ko tabo babu. Da ya zo ƙullin tsakiya ya tsaya, ya bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe, sannan ya kankare. Ya karce bangon duka da takardar yashi har ƙyallin ya mutu. Ya shafa firaima. Gwangwanin fenti launin madara na nan a bakin ƙofa, ya ma buɗe shi ya motsa. Sai ya mayar da murfin ya buga da guduma, ya tafi ya sayo raga ta ƙarfe, ya ɗaure ta a bangon da ƙusoshi, tazarar tafin hannu tsakanin kowace biyu.

"Wannan kuma fa?" in ji Hajiya. "Keji za ka yi mini?"

"Yanzu ko giwa aka manna a nan sai ta zauna. In ta faɗo, ni."

Ya kira Badaru. Sai a bugu na uku ya ɗauka.

"Bango na jiranka."

"Wane bango?"

"Kai dai zo da yatsunka. Ka bar burushi a gida, kada ka yi mini ɓarna."

Badaru ya zo ranar Asabar. Ya ƙwanƙwasa ragar, ya ja ta, ya tuɓe riga ya fara kwaɓi. Malam Maazou ya zauna a kan bokiti yana kallo, wai yana duba kauri. Abin bai rage masa zafi ba ko kaɗan. Mutumin da ba ya iya fentin taga sai ya taɓa gilashi, ga shi yana sa ɗan yatsa a laka ba tunani, layi na bin sa kamar sun yi alkawari. Da Badaru ya fita sallar azahar, Malam Maazou ya tashi, ya nannaɗe hannun riga, ya tsoma hannu a bokitin. Shekara arba'in rabonsa da haka. Ya maka a wani gefe can ƙasa, ya ja yatsa. Layin ya fito a miƙe kamar an sa ma'auni. Ya gwada lanƙwasa shi, ya fito kamar bututun famfo. Ya shafe da tafin hannu ya je ya wanke. Badaru ya dawo ya ga wurin da danshi, ya kawar da kai, ya ɗora ƙulli a kai.

Wikend biyar aka yi. Motar ta dawo, amma wannan karon can ƙasa, tayoyinta a kan daɓe.

"Me ya sa ka sauko da ita?"

"Direban ba shi da birki, Oga. Gara ta yi fakin a ƙasa."

Kiran Oga ya dawo ke nan, amma ba kamar da ba. Yanzu yana fitowa da ɗan tsaiko a gabansa.

Malika ce ta sake rubuta katin, ba wanda ya sa ta. Kafin ta rubuta ta tarar da mahaifinta a bayan gida ta tambaye shi da Hausa inda ya samo kalmar, shi kuma ya ba ta labarin kakanta da lakar da ke kai masa kafaɗa, da malamin ajin. Abin da ta sa gajere ne: mai yaɓe shi ne mai shafa wa bango laka da tafin hannu, masu fenti kuma suna zagin wanda bai iya ba da shi, kuma da wannan sunan mai wannan aiki yake amsawa. Da aka buga, injin ya ƙi harafin, ya fitar da b tsirara. Ta kawo wa mahaifinta katin ta ajiye a gabansa. Ya ɗauko mafi sirin burushinsa da ɗigon baƙin fenti, ya ɗauke numfashi, ya lanƙwasa ƙugiyar a kan harafin, sau biyu, duk inda sunan ya fito. Ya kalla. Bai ce wala ba.

"Ɓe," in ji Malika, tana gwadawa. Tabon ya raba girarta biyu.

"Ya kusa."

Takardar shaidar ba ta zo ba tukuna, tana dai duba waya. Ɗalibai sun dawo suna layi a shagon Hajiya Suwaiba, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya san akwai raga a ƙarƙashi, ko wanda ya ɗaura ta. Malam Maazou na can Glenwood yana mayar da ɗakuna fari. Duk Juma'a yakan biya ya sayi daddawa, ya jira masu hoto su matsa, ya dunƙule yatsa ya ƙwanƙwasa a wuri uku. Ƙarar na fitowa a cike kowane lokaci. Sai ya ɗan tsaya yana kallon ƙullin tsakiya, muƙamuƙinsa na motsi, ya ce wa Hajiya shuɗin nan ya yi yawa, ya ɗauki ledarsa ya fita.